Gadar Lome da teku ta karya

Gaɓar tekun Togo ba ta da lungun da jirgi zai fake. Rairayi ne shimfiɗe, igiyar ruwa na dukansa ba dare ba rana. A ƙarni na 19, jiragen da iska ke turawa, masu bin gaɓa suna sayen manja, can nesa suke tsayawa su jefa anga. Sai a tura musu manyan kwale-kwale, galibi da matuƙa 'yan ƙabilar Kuru daga Laberiya, waɗanda suka san lokacin da ake kutsawa tsakanin igiya da igiya. In aka kuskure kwale-kwale ya kife, gishiri ya narke, albarushi ya jiƙe, dilar yadi ta tafi, wani sa'in har da rai.

A wancan zamani Aneho ce uwar kasuwa. Lome ta taso ne wajejen 1880, da 'yan kasuwa suka riƙa sauke barasa da taba a nan don kauce wa kwastan Ingilishi na Gwalkwas, fataken Hausawa kuma suka biyo su suka kafa zango. Jamusawa suka mai da ita hedikwata a 1897, a 1904 kuma suka buɗe gadar ƙarfe mai tsawon kimanin mita 300 da ta ratsa igiyar zuwa inda ruwa ya lafa. Babban jirgi ba ya raɓar ta. Kwale-kwale ke kawo kaya gindinta, injin ɗaga kaya ya ɗora su kan tarago. Fasinja ma, komai girman muƙaminsa, a kwando ake zaunar da shi a ɗago shi yana lilo.

Wannan gada ce ta karya Aneho. Aka shimfiɗa layin dogo zuwa can a 1905, jirage suka daina tsayawa a gabanta, manjanta ya koma fita ta Lome. Layin arewa ya kai Atakpame, daga baya Faransawa, da suka gaji Jamusawa, suka ja shi zuwa Blitta. Bai taɓa isa Sokode ba, balle Dapaong, sai dai mota da 'yan dako su ƙarasa da kaya.

A watan Mayun 1911 teku ta tumbatsa, ta karya wani sashe na gadar, ta tafi da injuna da taragai. Shekara bakwai ke nan da buɗe ta. Aka yi mata kwaskwarima, Faransawa suka gina sabuwa a 1928, ita ma aka yi watsi da ita da tashar jiragen ruwa ta yanzu ta fara aiki a 1968. Turakun suna nan tsaye cikin ruwa, tsatsa na cin su.

Aneho ba ta huta ba. Katangar sabuwar tashar tana tare rairayin da ruwa ke kwasowa daga yamma, don haka gaɓar da ke gabas, inda Aneho take, take zaizayewa, har teku ta cinye tsohuwar hanyar motar da ta haɗa garin da Lome.