Kafin Ka Zuba Miliyoyi Kan Dunƙulalliyar Kwamfuta

A watan Oktoba na 2014 kamfanin Apple ya fito da wata iMac mai sikirin inci 27 wadda ya raɗa wa suna Retina 5K. Ɗigo 5,120 ne a kwance, 2,880 a tsaye, wato sama da ɗigo miliyan 14 a fuska guda. Farashinta dala 2,499. A wancan lokacin kamfanin Dell yana tallar sikirin mai irin wannan kyau, shi kaɗai ba kwamfuta a jikinsa, a kusan wannan kuɗin. Shi ya sa masu ɗaukar hoto da masu tace fim suka yi rububinta, suna ganin sun sayi sikirin an ba su gyaran kwamfuta. Yau shekara goma da ɗoriya ke nan, kuma sikirin ɗin nan har gobe ya fi yawancin waɗanda ke kasuwa tsabtar hoto. Sai dai kwamfutar da ke maƙale a bayansa ta tsufa. Tun 2021 Apple ya daina ba ta sabuwar babbar manhaja, kuma babu wata kafa a jikinta da za a jona sabuwar kwamfuta a ci gaba da morar sikirin ɗin.

Wannan shi ne abin da ya kamata mutum ya fara dubawa idan yana shawarar sayen dunƙulalliyar kwamfutar tebur mai tsada, irin wadda aka cusa komai nata a bayan sikirin: ƙwaƙwalwa, ma'adana, lasifika, kyamara, duk a gida ɗaya. Mafi yawan masu muhawara a kanta sukan tsaya ne kan tambaya guda, ko za a iya ƙara mata RAM nan gaba. Tambayar tana da muhimmanci, amma a ganina ba nan gizo yake saƙa ba.

Rigimar buɗaɗɗiyar na'ura da rufaffiya ta girmi yawancin masu karanta wannan shafi. Lokacin da ake ƙera Apple II da ta fito a 1977, Steve Wozniak ya dage sai an bar ramuka takwas da mai ita zai riƙa cusa ƙarin kayan aiki, alhali Steve Jobs biyu kawai yake so. Wozniak ya yi nasara a wannan karon. Kamfanin IBM ma da ya fitar da tasa kwamfutar a 1981 ya bar ta a buɗe, daga nan ne aka sami zuriyar akwatunan tebur da kowane mai gyara yake kwancewa ya ɗaura yadda ya ga dama. Jobs ya rama a 1984 da Macintosh ta farko: sikirin inci tara da ciki a gida guda, RAM kilobayit 128 da aka liƙe da dalma, ga kusoshin da sai da wani dogon sukundireba na musamman ake kwance su. RAM ɗin ya yi kaɗan ƙwarai, har kafin shekarar ta ƙare sai da aka fito da mai 512, waɗanda suka riga suka saya kuwa sai da suka sake biyan kuɗi mai kauri a canza musu bod. Da Jobs ya dawo kamfanin a 1997, abin da ya fara farfaɗo da shi da shi ita ce iMac ta 1998, wata dunƙulalliyar ce kuma.

Ya kamata a yi wa kamfanonin adalci, domin liƙe kayan ciki ba mugunta ce zalla ba. Tun daga 2020 da Apple ya koma amfani da ƙwaƙwalwar da ya ƙera da kansa, wato M1 da ƙannenta, RAM yana zaune ne daf da ƙwaƙwalwar a kan faranti guda. Gajartar tazarar da ke tsakaninsu ita ke ba da damar bayanai su riƙa kai da komo cikin sauri sosai ba tare da shan wuta mai yawa ba, kuma sashen lissafi da sashen zane suna ɗiba daga rumbu ɗaya, ba sai an kwafi abu daga nan zuwa can ba. Saurin da mai tace bidiyo yake yabawa daga nan ya samo asali. Har kamfanin Framework na Amurka, wanda ya yi suna wajen ƙera kwamfutocin da mai su zai iya canza musu kowane sashe da hannunsa, da ya zo fitar da kwamfutar tebur a 2025 sai ga shi da RAM a liƙe, saboda ƙwaƙwalwar AMD da ya zaɓa ba ta kai saurinta idan RAM ɗin na cirewa ne. Ke nan akwai hujjar injiniya ta gaskiya a ciki.

Amma hujjar injiniya ba ta bayyana farashi. Lokacin da iMac mai M4 ta fito a Oktoban 2024, mafi araharta dala 1,299 ce, da RAM gigabayit 16 da ma'adana gigabayit 256. A lokacin, ƙarin gigabayit takwas na RAM dala 200 ne, ninka ma'adanar zuwa 512 ma wata dala 200. Ba ka da wata kasuwa da za ka je neman rangwame, kuma ba ka da gobe, domin abin da ka zaɓa ranar saye shi za ka zauna da shi har ranar rabuwa. A da ba haka abin yake ba. Daga 2012 zuwa 2020 iMac mai inci 27 tana da wata 'yar ƙofa a baya, saman inda ake soka wayar wuta, mai ramuka huɗu. Mutum yakan sayi mai ƙaramin RAM, ya je kasuwa ya sayo ƙari da arha, ya cusa cikin minti biyar. Ta ƙarshen wannan zuriya tana ɗaukar har gigabayit 128. Ta inci 24 da ta fito a 2021, wadda kaurinta bai wuce milimita 11.5 ba, ta rufe wannan ƙofa gaba ɗaya.

Duk da haka, matsalar ma'adana tana da magani mai sauƙi. Kafar Thunderbolt tana ɗaukar gigabit 40 a daƙiƙa, don haka SSD na waje mai kyau yana isar mai tace fim, kuma tun da kwamfutar ba yawo take yi ba, ɗan akwatin da ke rataye a bayanta ba ya damun kowa. Matsalar RAM kuwa lissafi ce kawai: ka sayi abin da aikinka zai buƙata nan da shekara biyar, ka haɗiye ɗacin kuɗin sau ɗaya.

Abin da ba shi da magani shi ne ɗaurin auren da aka yi tsakanin sikirin da ciki. Sikirin mai kyau yakan yi shekara goma ko fiye yana aiki lafiya. Ƙwaƙwalwa kuwa, ga mai aiki mai nauyi, takan fara ja da baya tun kafin nan da nisa, ko kuma masu manhaja su juya mata baya tana da sauran ƙarfinta. Kamar a ɗinke maka hula zanna mai tsada ne a wuyan riga: ranar da rigar ta mutu, hular ma ta tafi, ko da zarenta ɗaya bai tsinke ba. Apple ya taɓa barin mafita. Wasu iMac da aka yi tsakanin 2009 da tsakiyar 2014 ana iya jona musu wata kwamfutar su zama sikirin kawai. Da aka zo kan 5K aka cire wannan dama, ba a kuma dawo da ita ba. A yau akwai masu ƙarfin hali da suke fasa tsohuwar 5K, su yashe cikinta, su sa wani ɗan bod da ake sayowa daga Sin don su mayar da ita sikirin zalla. Wahalar da suke sha ta isa shaida cewa abin da ake zubarwa yana da daraja.

Kuma gwargwadon tsadar na'urar, gwargwadon zafin asarar. A Disambar 2017 Apple ya fitar da iMac Pro, mafi araharta dala 4,999, babu ƙofar RAM a bayanta. A Maris na 2021 aka daina yin ta ba tare da ta sami magajiya ba. Da babbar manhajar macOS Tahoe ta fito a 2025, ba ta cikin jerin waɗanda za su karɓe ta, kuma kamfanin ya sanar cewa daga Tahoe an gama da duk wata Mac mai ƙwaƙwalwar Intel. A ɓangaren Microsoft ma labarin bai canza zani ba. Surface Studio ta 2016, mai sikirin inci 28 da ake kwantar da shi a yi zane a kai da alƙalami, dala 2,999 aka fara sayar da ita. Da Windows 11 ta zo a 2021, ƙwaƙwalwarta ba ta cika sharaɗi ba, ita kuwa Windows 10 an rufe babinta ranar 14 ga Oktoba, 2025. Surface Studio da aka fitar a 2022 ta haura dala 4,000, amma ƙwaƙwalwar laftof ce a cikinta, wadda tun ranar fitowarta an riga an yi sababbin da suka wuce ta. A ƙarshen 2024 Microsoft ya daina ƙera ta. Shi kansa Apple a Maris na 2022 ya janye iMac mai inci 27, ya maye gurbinta da abubuwa biyu a rabe, akwatin Mac Studio da sikirin Studio Display. Idan mai ƙera kaya ya raba su da hannunsa ga manyan masu aiki, mai saye ya kamata ya karanta saƙon.

Ga mai zaune a Kano ko Kaduna ko Damagaram, akwai ƙarin nauyi da mai saye a Landan bai san da shi ba. Apple ya rubuta cewa iMac tana aiki ne tsakanin digiri 10 zuwa 35 na ma'aunin Salshiyas, mu kuwa watan Afrilu yakan haura 40. Ƙurar hunturu tana shiga ta kafofin iska ta taru a kan fanka. Akwatin tebur na gargajiya kusoshi biyu ake kwancewa a hure shi. Siririyar iMac kuwa gilashinta da gam aka manne shi, sai an yanka gam ɗin a hankali, a ɗaga gilashin, a gama aiki, sannan a sa sabon gam, kuma kuskure kaɗan ya isa ya tsaga sashen da ya fi komai tsada a jikinta. Apple ba shi da shago nasa na kansa ko ɗaya a duk nahiyar Afirka, sai dillalan da ya amince da su, su ma a manyan birane irin Legas. Masu gyara na titin Beirut a Kano da Banex a Abuja da Computer Village a Ikeja gwanaye ne, na yarda da wannan, amma gwaninta ba ta samar da bod ɗin da babu shi a ƙasa. Idan ma'adanar da aka liƙe ta mutu, ko wutar NEPA ta zo da ƙarfi ta ƙona bod, ba sashe ɗaya ne ya tsaya ba, shagon ne gaba ɗaya ya tsaya. Mai akwati da sikirin a rabe yakan ari ɗaya a maƙwabta ya ƙarasa aikin bikin da ya karɓa.

Ga kuma batun naira. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Wanda kuɗinsa ke narkewa haka yana buƙatar na'urar da zai riƙa ginawa sannu a hankali, bana RAM, baɗi katin zane. Dunƙulalliya ba ta yarda da wannan tsari, gaba ɗaya take son kuɗinta.

Ban ce ba ta da gurbi ba. Akwai abu ɗaya da take da shi wanda ya dace da mu ƙwarai, wato ƙarancin shan wuta. iMac mai M1 ba ta kai wat 100 ko tana tsakiyar aiki mai nauyi, da sikirin ɗinta da komai, alhali babban akwati mai katin zane yakan sha ninkin haka sau uku ko huɗu. Ga mai dogaro da sola da inbata wannan ba ƙaramin abu ba ne, ko da yake ba ta da batir irin na laftof, dole a haɗa ta da UPS. Teburin karɓar baƙi a asibiti ko otal, ofishin lauya, ɗakin karatu na gida inda ake son waya ɗaya tak da tsabtar wuri, duk waɗannan matsakaiciyar dunƙulalliya ta ishe su shekaru masu yawa, domin rubutu da lissafi da taron bidiyo ba sa tsufar da ƙwaƙwalwa da wuri. A nan ba ni da ja.

Ja na yana kan mai tsadar, wadda mai tace finafinan Kannywood ko mai zanen gine-gine ko mai ɗab'i zai zuba jarinsa a kai. Shi na fi so ya raba kuɗin biyu. Mac mini mai M4 ta fito a 2024 kan dala 599 da RAM gigabayit 16, ƙwaƙwalwa iri ɗaya da ta iMac. Ita ma RAM ɗinta a liƙe yake, amma ranar da ta gaza, ɗan akwatin kawai za a canza, sikirin da kibod da lasifika suna nan. Mai aiki da Windows ya ma fi samun sarari, tun da akwatin da ake haɗawa da hannu kowane sashe nasa yana da kasuwa.

Wanda kuma zuciyarsa ta riga ta kwanta da dunƙulalliya, to ya juya bayanta kafin ya biya. Da yawa daga cikin na HP da Dell da Lenovo, musamman waɗanda aka yi domin ofisoshi, suna da murfin da ake buɗewa a canza RAM da SSD. Wasu suna da kafar HDMI ta shiga, ba ta fita kaɗai ba, wadda ke ba da damar sikirin ya ci gaba da aiki da wata kwamfutar bayan cikin ya tsufa, kuma a wurina wannan kafa ta fi kowane ado da ke jikin kwali daraja. Lenovo yana da wani tsari mai suna Tiny-in-One, inda ƙaramar kwamfuta take shiga wani aljihu a bayan sikirin, a zare ta a sa sabuwa idan lokaci ya yi. Idan kuwa ta hannu ce, irin wadda 'yan kasuwa ke kira Landan yus, a duba shekarar da aka ƙera ta, a tabbatar tana cikin waɗanda har yanzu ake ba sabuwar manhaja, sannan a sa mai sayarwa ya goge ta ya kunna ta daga farko a gaban mai saye. iMac ta 2020 da duk masu ƙwaƙwalwar M suna iya zama a kulle da asusun iCloud na mai su na farko, kuma idan ba shi ya cire kullen ba, ko an nuna wa Apple rasiɗin sayen asali, babu mai gyaran da zai buɗe ta.