Wai Aikin Lambu Ba Ya Buƙatar Koyo?

Akwai maganar da na gaji da ji a Parakou da Djougou, a arewacin Benin: wai lambu ba sana'ar koyo ba ce, duk mai ƙarfin ɗaukar butar ban-ruwa ya iya. Uba zai kai ɗansa wurin tela ko makanike, ya biya kuɗi, yaro ya yi shekaru yana hidima kafin a yaye shi. Amma in lambu ne, sai a ɗauko saurayin da bai taɓa gyara fangali ba, a ce shi ne babba, a danƙa masa ma'aikata da famfon feshi. Haba jama'a! Tela in ya ɓata, yadi ya ɓata. Mai lambu in ya ɓata, cikin mutane ne.

Mai kula da lambu shi ke tsara shuka, ban-ruwa, taki da feshi, ko lambun kayan miya ne, ko wurin renon itatuwa, ko furannin ƙawata gida. Sauran ma'aikata abin da ya ce suke yi.

Masu cewa ai gado ne, su faɗa mana wa ya gaji ilimin maganin ƙwari. Kakanninmu toka suka sani da ganyen dogonyaro. Arewacin Benin ƙasar auduga ce, maganin feshinta yana hannun kowa, shi ya sa yake gangarowa lambuna. Ba a cin auduga, amma latas ɗanye ake yanka shi a zuba a faranti. A kakar noman 1999 zuwa 2000, maganin audugar nan endosulfan ya kashe aƙalla mutum 37 a yankin Borgou, wasu ta abincin da ya taɓa, kuma gwamnati ta haramta shi a 2008. An hana wannan, amma ɗabi'ar tana nan. Za ka ga yaro ba takalmi, ba abin rufe hanci, yana auna magani da murfin kwalba, yana dama shi da kara, ya fesa kabeji da yamma, gari na wayewa a yanke a kai kasuwar Arzèkè ta Parakou. Wannan yaron ba mugu ba ne, ba a koya masa ba ne. Alhakin yana wuyan wanda ya sa shi aikin.

Haka abin yake wajen itatuwa. Tun 1985 Benin ke bikin ranar dashen itace kowace 1 ga Yuni. A dasa, a ɗauki hoto, a watse. Kafin hunturu ya wuce awaki sun cinye wasu, ƙishi ya kashe wasu, domin ba wanda ya koyi faɗin rami, kariya da ban-ruwan rani. Tsadar iri da ƙarancin ruwa su ma suna da nasu, amma ba su ne maganar yau ba.

Kada a ce babu wurin koyo. Jami'ar Parakou, wadda aka buɗe a 2001, tana da tsangayar aikin gona. Cibiyar Songhaï, da Godfrey Nzamujo ya kafa a Porto-Novo a 1985, tana da reshe a Parakou inda ake koyo hannu cikin ƙasa. Akwai makarantun fasahar noma a Kika da Bariénou. Tun 2005 kuma ƙasar ke da takardun shaidar sana'a na CQP da CQM, kuma a tsarin CQP ɗan koyo yana raba mako tsakanin wurin maigidansa da aji. Me zai hana masu lambu su tafiyar da yaransu haka?

Maigida, kada ka naɗa kowa babba sai ya ga rani da damina a ƙarƙashin gwani. Fara masa da renon iri, ya san yadda ake inuwa da lokacin dashe. Nuna masa cewa ɗanyen kashin kaji yana ƙona shuka, sai ya ruɓe. Koya masa auren mangwaro da na yazawa, da nisan da ake ba itace daga bango da wayar lantarki. Famfon feshi shi ne na ƙarshe da zai riƙe, bayan ya iya karanta takardar jikin kwalba, ko ya san wanda zai karanta masa Faransancin: na wace shuka ne, awo nawa, kwana nawa kafin girbi. Kada a yi feshi cikin iska ko tsakar rana. Kwalbar da ta ƙare a huda ta, kada ta koma mazubin mai ko gishiri. Ruwan kwata bai halatta ga abin da za a ci ɗanye ba. A ajiye littafi, a rubuta ranar kowane feshi.

Ku iyaye, ku kai 'ya'yanku koyon lambu da mutunci irin na sauran sana'o'i, a yi yarjejeniya a gaban shaidu. Ku masu saye, ku tambayi mai kabeji yaushe aka yi feshin ƙarshe. Ran da tambayar ta yawaita a kasuwa, masu lambu da kansu za su nemi wanda ya koya.