Garin Dutse a Gona da Ɗumamar Duniya



Tun fil'azal duwatsu suna shan iskar kabon, wadda yawanta ke ɗumama duniya. Idan ruwan sama ya gauraya da wannan iska, sai ya yi ɗan tsami, ya riƙa cin dutse sannu a hankali. Sinadaran kalsiyam da magniziyam da ke fitowa su ne ke riƙe kabon ɗin cikin ruwa, ya bi koguna zuwa teku, inda yakan zauna shekaru dubbai. To, dabarar da masana suka ɓullo da ita ita ce a niƙa baƙin dutsen aman wuta, wato bazal, irin wanda ake samu a tsaunukan Jos da Biu, a barbaɗa garinsa a gonaki, domin aikin ƙarnuka ya taƙaita zuwa shekaru.

A shekarar 2020 Farfesa David Beerling na Jami'ar Sheffield da abokan aikinsa suka ƙiyasta cewa nan da 2050 dabarar za ta iya janye tan miliyan 500 zuwa biliyan 2 na iskar kowace shekara. Haka kuma, a wani gwaji a jihar Illinois ta Amurka, an zuba tan 50 a kowace hekta duk shekara har shekara 4, amfanin masara da waken suya ya ƙaru da kashi 12 zuwa 16 cikin ɗari.

Sai dai a lura, kabon ɗin ƙasa iri biyu ne: akwai na ma'adinai, akwai kuma na ruɓaɓɓun ganyaye da saiwoyi, wanda shi ne ƙarfin gona. Garin dutse yana rage tsamin ƙasa, hakan kuwa yakan zaburar da ƙananan halittu su cinye ruɓaɓɓen, su mayar da kabonsa sama. A ɗaya ɓangaren, ma'adinan da ke fitowa suna iya manne masa su adana shi. Ga kuma man da injinan niƙa da motocin dako ke ƙonawa.

Saboda haka, ribar gaskiya ita ce abin da ya rage bayan an ɗebe waɗannan asarori, kuma aunawa a gona ce kaɗai ke tabbatar da ita. Ko a ƙiyasi mafi girma, tan biliyan 2 kaɗan ne a kan fiye da biliyan 35 da ƙona mai da iskar gas da kwal ke fitarwa duk shekara. Rage hayaƙin shi ne kan gaba, garin dutse kuwa mataimaki ne.