Farantin Sola a Kan Kwalekwale: Daga Binuwai Zuwa Tafkin Lagdo

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

 Shirinmu na musamman na yau a bakin ruwa za mu yi shi, tsakanin gadar Binuwai a nan Garwa ta Kamaru da tafkin Lagdo. Tambaya ɗaya muka ɗauko. Farantin solar nan da ya cika kasuwa, wanda muke gani a kan rufin shaguna da masallatai, idan aka ɗora shi a kan kwalekwale, me zai iya, me kuma ya fi ƙarfinsa?

Amma ku ɗan yi mini uzuri mu leƙa baya tukuna, domin akwai wani labari da ya tsaya mini a rai. A shekarar 1854 wani jirgin Ingila mai suna Pleiad ya shigo Binuwai daga Kwara, a ƙarƙashin wani likita, William Baikie. A cikin fasinjojinsa har da Samuel Ajayi Crowther. Jirgin nan hanya biyu yake da ita ta tafiya: yana da injin tururi, yana kuma da tirke da ƙyallen da iska ke turawa. Littattafan tarihi sun fi tunawa da tafiyar saboda kwinin da aka riƙa sha, har aka je aka dawo zazzaɓi bai kashe kowa ba. To ni abin da ya fi ɗaukar hankalina daban ne. Itace! Tukunyar jirgin ba ta ƙoshi. Sai a yi tafiya kaɗan a tsaya, ma'aikata su sauka da gatura su shiga daji, su saro, su faskara, su loda, sannan a sake hura wuta. Ga kogi ya cika maƙil, ga jirgi na ƙarfe sabo ful, amma gatari ne ke yanke nisan da za a yi a wuni. Ƙarshenta jirgin bai ma iso Yola ba, balle Garwa, aka juya.

Bayan haka kun san sauran. Garwa ta zama tashar jiragen ruwa, ana lodin auduga da gyaɗa a 'yan watannin da ruwa ke cika, daga wajen Agusta zuwa Oktoba. Yaƙin basasar Najeriya ya tsinke hanyar, jirgin ƙasa ya iso Ngaundere a 1974, yashi ya yi nasa aikin. Sannan 'yan Sin suka gina madatsar Lagdo tsakanin 1977 da 1982, mai injuna huɗu da ƙarfin megawat 72, tafki ya samu, masunta suka yi ta kwararowa daga Logon, daga tafkin Chadi, daga Najeriya, har daga Mali.

Yau babu mai faskare don jirgi, amma matsalar tana nan, ta sauya riga ne kawai. Tun da Najeriya ta janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowane mai injin jirgi ya ji a jikinsa, domin zuwa-zuwa, wato man da ake shigo da shi daga Najeriya ta bayan fage, ta daina araha. Shi ya sa za ka ji ana cewa, "To ga rana kyauta, me zai hana mu sa sola mu huta da sayen mai?"

(KIƊA KAƊAN)

A nan fa sai mu yi lissafi, kada daɗin baki ya kwashe mu. Injin nan mai doki 15 da ake maƙalawa a bayan kwalekwale, ƙarfinsa ya kai wat dubu 11. Farantin da za mu yi misali da shi kuwa wat 100 ne, tsawonsa kamar mita ɗaya, faɗinsa rabin haka. Ke nan kafin ka yi daidai da injin, sai ka jera faranti 110, kuma da rana tsaka. Faranti 110! A kan wane kwalekwalen?

Wani zai ce ai an taɓa zagaya duniya da jirgi mai sola. Gaskiya ne. Sunansa PlanetSolar, ya tashi daga Monako a Satumban 2010, ya dawo a Mayun 2012. Amma farantan da ke bayansa sun haura murabba'in mita 500, kuma duk da haka tafiyarsa ba ta wuce ta mai keke da ba ya sauri ba. A jihar Kerala ta Indiya ma akwai jirgin fito mai suna Aditya da ke ɗaukar mutum 75 tun 2017, sai dai shi tun daga tushe don sola aka ƙera shi, mara nauyi, mai faffaɗan rufi, kuma da dare ana ƙara wa batiransa caji daga tudu.

Saboda haka, ɗan'uwa masunci, injinka yana nan, mai kuma za ka ci gaba da saye. Abin da faranti ɗaya zai yi maka shi ne wannan: a rana mai kyau zai tara maka kimanin wat 400 na awa guda. Wannan ya isa ƙwai huɗu na zamani su kwana a kunne, ya kuma caja waya goma. Ka huta da batirin tocila, ka huta da kai waya caji ƙauye. In kana son ƙaramin firji don kada giwan ruwa ko karfasa su lalace kafin ka iso gaɓa, to sai faranti biyu ko uku da batir mai ƙwari.

To yanzu ga inda gizo ke saƙar, wato ɗaurin. Masu jiragen shaƙatawa na teku sun daɗe suna fama da wannan, kuma babban abokin gabarsu shi ne inuwa. Inuwar tirke, inuwar igiya, inuwar ƙyalle. Ka dubi fuskar faranti da kyau, za ka ga 'yan gidaje murabba'ai a jere. Gidajen nan a sarƙe suke da juna, kamar ayarin raƙuma a igiya ɗaya: na tsakiya ya durƙusa, duk sun tsaya. Inuwar da ba ta fi tafin hannu ba, in ta rufe gida ɗaya, tana iya zubar da sulusin wutar farantin, wani lokaci fiye. Mu a nan ba mu da tirke, amma muna da gorar tuƙi da ake jinginewa, muna da taru da ake shanyawa, muna da rigar da yaron jirgi ke yarwa duk inda ya ga fili. Ina maimaitawa don wanda ya zo yanzu: kada a shanya komai a kan faranti, ko da hula ce.

Na biyu, zafi. Mutane da yawa sun ɗauka zafin rana ne ke ba da wuta. Haske ne, zafin kuwa rage ta yake yi. Wat 100 ɗin da aka rubuta a bayan faranti, an auna shi ne a ma'aunin zafi 25. Duk ɗigo ɗaya da ya ƙaru, ana asarar kusan kashi 0.4 cikin ɗari. To ku tuna da Garwa a watan Maris da Afrilu, lokacin da iska kanta ke haura 40. Farantin na iya kaiwa 65, sai ka ga mai 100 ya koma 84. Maganin mai sauƙi ne: kada a manna shi a jikin katako ko kwano. A bar masa tazarar yatsu huɗu a ƙasa, iska ta riƙa ratsawa.

Na uku shi ne wanda ya fi ba ni tsoro. Wasu za su so su yi rumfa mai tsayi su ɗora faranti a sama, ga inuwa ga wuta. Shawara ce mai kyau a babban jirgin fito. A siririn kwalekwale kuwa, nauyi ya hau sama, ga faffaɗan abu da iska za ta kama. Duk wanda hadarin farkon damina ya taɓa ritsawa da shi a tsakiyar Lagdo ya san abin da nake nufi. A sa shi ƙasa-ƙasa, a kwance, a ɗaure da ƙusa mai noti ta kusurwa huɗu. Mu da muke kusa da tsakiyar duniya, kwanciyar ba ta rage mana wani abin kirki.

Lokaci na hararar mu, bari in haɗa sauran. Kada a jona faranti kai tsaye da batir, a sa kwantirola a tsakani. A sa fis kusa da batir. Batirin ya zauna cikin akwati, sama da ruwan da ke taruwa a gindin jirgi, nesa da jarkar mai. Lokacin hunturu a riƙa goge ƙura kowace safiya da tsumma mai laushi. Ruwanmu ba na gishiri ba ne, wannan sa'a ce, amma danshi ma yana cin bakin waya.

Na so mu taɓo manyan tashoshin sola na Gidar da Marwa, waɗanda aka kafa da megawat 30 a haɗe bayan ƙarancin ruwan Lagdo ya jefa arewacin Kamaru cikin ɗauke wuta. Sai wani shirin in Allah Ya kai mu.

Masunta da masu fito, daga Lagdo har Barnake, wanda ya riga ya ɗora faranti a jirginsa, ya aiko mana da yadda ya ɗaure shi da abin da ya gani. Kafin nan, duk wanda zai shiga ruwa ya sa rigar kariya. A huta lafiya.

(KIƊAN RUFE SHIRI)