Hayaƙin Mota: Ya Danganta da Irin Motar da Irin Gudunta

Duk wanda ya bi ta Bompai, a ƙaramar hukumar Nassarawa, ko Sharada, ko Challawa, zai ga tireloli suna jigilar kayan masana'antun Kano. Ga motocin haya, ga Adaidaita Sahu. Kowace tana fitar da hayaƙi ta salansa. 'Yan ci-rani da 'yan dako da masu talla a bakin titi su suka fi shaƙarsa.

Hayaƙin nan iri-iri ne.

Manyan motoci masu shan gas, wato dizal, su ne masu baƙin hayaƙi, musamman idan an yi musu lodi fiye da ƙima. Baƙin nan kunkunniya ce mai laushi ƙwarai. Tana shiga har cikin huhu, ta kawo tari, ta tayar da asma.

Hayaƙin motar fetur ba a cika ganinsa ba, amma akwai wata iskar guba a cikinsa. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana sa ciwon kai da jiri. A rufaffen wuri tana kisa.

Shuɗin hayaƙi kuwa alama ce inji yana ƙona baƙin mai. An fi ganinsa a tsofaffin motoci, da baburan da ake haɗa musu fetur da baƙin mai.

Sai maganar gudu. A cikin cunkoso, direba ya taka totur, ya taka birki, ya sake taka totur. Mai yana ƙonewa, tafiya ba ta ci gaba, hayaƙi yana taruwa wuri ɗaya. Gudun wuce sa'a shi ma haka. Motar da ta haura kilomita 100 a awa kokawa take yi da iska, sai ta ƙara shan mai. Tafiya madaidaiciya, kamar kilomita 50 zuwa 80 a awa a buɗaɗɗiyar hanya, ita ta fi rage hayaƙi.

Saboda haka, direba ya riƙa yin juyen baƙin mai a kan lokaci. Ya duba iskar taya. Ya rage lodi. Idan tsayuwa za ta daɗe, ya kashe inji. Uwa mai goyo kuma ta nisanci bayan mota a tasha.

Hayaƙi mai yawa kuɗin mai ne ke bin iska, kuma lafiyar jama'a ce ke tafiya. Sannu ba ta hana zuwa.