KARE DA HIDIMAR SALLA

Jama'a manoma, ga Salla ta matso. Kowa yana ta shirin rago da ɗinki, amma akwai ma'aikaci guda a gida wanda ba a tunawa da shi, watau kare. Shi ne ke kwana a farke saboda awakinmu, shi ne ke korar birai daga gonar masara. Ranar murnarmu kuwa ita ce ranar wahalarsa.

Bara a wani ƙauye da na ke zagayawa, karen wani manomi wanda bai taɓa cizon kowa ba ya ciji yarinyar maƙwabci da ta zo yawon Salla. Aka yi ta zirga-zirgar asibiti, zumunci ya ɓaci, aka kashe karen. Da na bincika sai na tarar tun safe ya ɓuya ƙarƙashin rumbu, yara suka bi shi can da tsokana. Ashe ba mugunta ba ce, tsoro ne.

Dalili ke nan: kunnen kare ya fi namu nesa. Mutum ba ya jin sautin da ya wuce girgiza 20,000 a daƙiƙa, kare kuwa yana jin ninkin wannan. Saboda haka tambari da kalangu da harbin 'yan bindiga suna firgita shi ƙwarai. Ga baƙi cike da gida, shi kuwa an koya masa baƙo abin kora ne.

Alamun tsoro ba su da wuyar ganewa. Za ka ga ya kwantar da kunne, ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, yana haki ba tare da ya yi gudu ba, yana lasar baki, jiki na rawa. In ya yi gurnani kada ka doke shi, gargaɗi ya ke yi. Karen da aka hana gurnani da sanda, wata rana sai ya yi cizo ba sanarwa.

To, ga abin yi. Tun Salla saura kwana uku ko huɗu, ka zaɓa masa wuri mai inuwa a bayan gida, nesa da zaure. Ka shimfiɗa masa tsohon buhun da ya saba kwanciya a kai, ka ajiye kaskon ruwa, ka riƙa ba shi abinci a can don ya saba. Ran Salla da asuba ka zaga da shi gona ya gaji, sa'an nan ka mai da shi wurinsa kafin a sauko daga Idi. In za ka ɗaure shi, igiyar ta yi tsawo. Ka ja wa yara kunne kada kowa ya je can. Kai da ya sani, ka riƙa leƙa shi kana yi masa magana a hankali.

Sai batun nama. Kada a jefa masa dafaffen ƙashi, domin yana tsagewa ya soki hanji. Kitse mai yawa da albasa suna cutar da shi. Hanta ko huhun rago mai ƙurji cike da ruwa, a binne shi da zurfi. In kare ya ci, tsutsa za ta girma a cikinsa, ƙwanta kuma ya bi kashinsa ya kama tumaki har da mutane. Maganin mutane kuwa kada a ba shi don ya yi barci, sai abin da likitan dabbobi ya ce.

In bai sami allurar haukan kare ta bana ba, kai shi asibitin dabbobi tun yanzu. In tsautsayi ya sa ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, a tafi asibiti ran nan. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya kai mu Salla lafiya, mu da dabbobinmu, amin.