Zaɓen Katakon Kanta: Kowane Ɗaki da Irin Nasa

GAMAWA: Akasarin katakon da kafintocin Gamawa da Azare ke aiki da shi daga kudancin ƙasar nan ake kawo shi, inda damshi ke da yawa. Muddin ba a bari ya bushe sosai ba, iskar hunturu kan tsaga shi, kuɗin mai saye su salwanta.

Kantar ɗakin girki, wadda ba ta rabuwa da ruwa, iroko ya fi dacewa da ita, domin yana jure laima da gara. Madaci, saboda jansa da ƙyallinsa, na falo ne. Obece kuwa, mai araha da taushi, ya wadatar a ɗakin kwana, amma sai an shafa masa maganin gara.